AKINFENWA: SHEKARA 21 YANA CIN ƘWALLO, BAI TAƁA TAKA FIRIMIYA BA

Jama'a, yau zan ɗan ajiye maganar siyasa da tsadar rayuwa a gefe, in kawo mana tarihin wani ɗan ƙwallo. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya adana shi sai ya samu natsuwa.

Sunansa Saheed Adebayo Akinfenwa. Duk wanda ya taɓa zama a shagon gem ya buga FIFA a PS, da wuya bai ci karo da sunan nan ba, domin shekaru da dama shi masu haɗa gem ɗin suke bai wa maki mafi yawa a ƙarfin jiki, 97 ko 98 cikin 99. Turawa suna ce masa The Beast, mu da mu ne sai mu ce Basamude. Nauyinsa ya haura kilo 100, ƙirji kamar na ɗan kokawa, damtsensa ya fi cinyar wani kauri. Yawancinmu iyakar abin da muka sani game da shi ke nan: ƙaton nan na cikin gem.

Amma mutumin nan ya yi shekara 21 yana cin abinci da ƙwallo, daga 2001 zuwa 2022. Ya buga wasa sama da 700, ya ci ƙwallo sama da 200, kuma ko minti ɗaya bai taɓa bugawa a gasar Firimiya ba. Ingila ba ta taɓa kiransa ba, Super Eagles ma haka. A ganina tarihin irinsa ya fi na manyan taurari amfani gare mu, saboda 'yan ƙwallon da ke duniya, kaso mafi tsoka irinsa ne.

Kafin mu shiga, bari mu fahimci filin da ya yi noma a ciki. Ƙwallon ƙwararru a Ingila rukuni huɗu ne, ƙungiya 92. Firimiya tana da 20, su ne waɗanda muke biyan kuɗi mu kalla a gidajen kallo. A ƙarƙashinta akwai Championship, sai League One, sai League Two, kowanne ƙungiya 24. A waɗannan rukunai uku wasa 46 ake bugawa a kaka ɗaya, ban da na kofuna, Asabar a buga, Talata a sake bugawa, cikin ruwan sama da sanyin hunturu. Kwantiragi yawanci na shekara ɗaya ne ko biyu. Idan watan Mayu ya yi, kowace ƙungiya ta fitar da sunayen waɗanda za ta riƙe da waɗanda ta sallama. Wanda aka sallama, ƙarshen Yuni albashinsa ya tsaya, sai ya nemi wani gidan. Akinfenwa a rukuni na uku da na huɗu ya yi kusan duk rayuwarsa ta ƙwallo.

An haife shi ranar 10 ga Mayu, 1982 a unguwar Islington da ke Landan. Iyayensa Yarbawa ne 'yan Najeriya, mahaifinsa Musulmi, mahaifiyarsa Kirista, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Yarbawa. Ya taso yana son Liverpool, gwaninsa John Barnes. Ya ɗan yi zama a cikin matasan Watford, amma ba su riƙe shi ba. Maganar da ya riƙa ji tun yana yaro ita ce ya cika jiki, ƙirarsa ba ta 'yan ƙwallo ba ce.

Da Ingila ta ƙi buɗe masa ƙofa, sai wakilinsa ya samo masa ƙungiya a Lituweniya, FK Atlantas, a garin Klaipeda da ke bakin tekun Baltik. Wannan a 2001 ke nan, bai kai shekara 20 ba. Ci-rani ne sosai: ba ya jin yarensu, ga sanyi, ga shi baƙar fata a garin da ba su saba ganin baƙi ba. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda 'yan kallo suka riƙa yi masa kukan biri da waƙoƙin zagi, har da magoya bayan ƙungiyar da yake yi wa wasa. Ya kira yayansa a waya ya ce zai dawo gida, yayan ya nuna masa cewa idan ya gudo, masu zagin nan ne suka yi nasara. Ya daure ya zauna. A wasan ƙarshe na kofin ƙasar na 2001, Atlantas ta ci 1-0, kuma shi ya zura ƙwallon. Waɗanda suka zage shi jiya su ne suka koma yi masa tafi.

Daga nan ya koma Barry Town ta Wales a 2003, suka ɗauki gasar ƙasar da kofinta. Ana cikin murna sai asusun ƙungiyar ya ƙone, ta sallami ƙwararrun 'yan wasanta gaba ɗaya. To a nan gantali ya fara. Daga Oktoban 2003 zuwa bazarar 2004 ya sa rigar Boston United, ya sa ta Leyton Orient, ya koma Rushden & Diamonds, ya sa rigar Doncaster Rovers. Wata ɗaya nan, wata biyu can. Ku lissafa da Barry, ƙungiya biyar ke nan a cikin shekara guda. Mutane da yawa a daidai wannan gaɓar suke rataye takalmi su nemi wata sana'ar.

A Torquay United ya fara samun wurin zama. Kakar 2004-05 ya ci musu ƙwallo 14 a gasa, duk da haka suka faɗa rukuni na huɗu. Swansea City ta ɗauke shi, kuma ranar 6 ga Agusta, 2005, da suka buɗe kaka a sabon filinsu na Liberty, suka ci Tranmere Rovers 1-0. Ƙwallon farko da aka ci a wasan gasa a wannan fili, Akinfenwa ne ya ci ta. Filin nan daga baya ya karɓi Manchester United da Arsenal da Chelsea lokacin da Swansea ta hau Firimiya a 2011, amma duk wanda zai rubuta tarihinsa dole da sunan Akinfenwa zai fara.

Kakar nan ta nuna masa zaƙi da ɗacin sana'ar cikin wata biyu. A Afrilun 2006 ya ci ƙwallon da ta ba Swansea kofin ƙananan rukunai, 2-1 a kan Carlisle United a Cardiff. A watan Mayu suka kai wasan ƙarshe na neman hawa Championship, suka tashi 2-2 da Barnsley, aka je bugun fenareti, yana cikin waɗanda suka ɓarar. Swansea ba ta hau ba. A 2007 kuma ya karye a ƙafa. Da ya warke, Millwall ta ɗauke shi a kwantiragin wata-wata, ya yi 'yan wasanni bai ci ko ɗaya ba, suka rabu.

Yana da shekara 25, ga tabon karaya, ga jiki ya ƙara nauyi, Northampton Town ta ɗauke shi a Janairun 2008. Daga nan zuwa 2014 tsakanin gida biyu ya yi ta kai-komo: Northampton, Gillingham, ya dawo Northampton, ya sake komawa Gillingham. Northampton kaɗai ya ci mata sama da ƙwallo 70. A 2013 suka je Wembley neman hawa rukuni na uku, Bradford City ta yi musu 3-0, bayan nan aka sallame shi.

Wani zai ce, to ƙaton da ba ya gudu, me koci yake gani a jikinsa? Amsar tana cikin irin ƙwallon da ake bugawa a ƙasan. Ƙungiyar da ba ta da kuɗin sayen masu iya raba ƙwallo, dogon bugu take yi daga baya. Tana buƙatar mutum ɗaya a gaba wanda zai juya wa raga baya, ya tare ƙwallon da ƙirji ko da ka, ya riƙe ta daƙiƙa biyu ko uku har 'yan uwansa su iso. Akinfenwa in ya kafa ƙafa ya ba ka baya, ba ka zagaya shi, ba ka ture shi. Dole masu tsaron baya biyu su tsaya a kansa, kun ga an samu fili ga abokin wasansa. Kuma abin da masu kallonsa a gem ba su sani ba, ƙafarsa tana da laushi, ya iya ajiye wa mutum ƙwallo a inda yake so. Ƙarfin ne ake gani daga nesa, amma basira ce ta riƙe shi shekara 21.

A 2014 ya koma AFC Wimbledon. Ita kanta ƙungiyar tana da labari. A 2002 aka amince wa masu tsohuwar Wimbledon su kwashe ta zuwa garin Milton Keynes, inda ta koma MK Dons. Magoya baya suka yi fushi, suka kafa tasu da kuɗinsu, suka fara daga mataki na tara, suka yi ta hawa har suka shigo rukunin ƙwararru a 2011. A Oktoban 2014 suka ci MK Dons karo na farko a tarihi, 3-2, ƙwallon nasara ta Akinfenwa ce. Ranar 5 ga Janairu, 2015 kuma kofin FA ya kawo musu Liverpool har gida, a ƙaramin filin da ba ya cin mutum 5,000. Steven Gerrard ya fara ci, Akinfenwa ya farke, Gerrard ya ƙara, aka tashi 2-1. Yaron da ya taso yana son Liverpool ya zura mata ƙwallo duniya tana kallo, ya kuma tafi gida da rigar Gerrard.

Sai ranar 30 ga Mayu, 2016, wadda a wurina ita ce ranar da ta fi bayyana rayuwar ɗan ƙwallon ƙaramin rukuni. Wimbledon da Plymouth Argyle a Wembley, 'yan kallo sama da 57,000, wanda ya ci ya hau League One. Tun kafin wasan ya san ƙungiyar ba za ta sabunta masa kwantiragi ba. Daga benci ya shigo. Suna gaba da 1-0, can cikin mintunan ƙari aka ba su fenareti, ya karɓe ƙwallon daga hannun abokin wasansa bayan 'yar jayayya, ya buga ta shiga, 2-0. Da 'yan jarida suka tare shi a bakin fili, sai ya ce shi fa yanzu ba shi da aiki, duk kocin da yake buƙata ya neme shi a WhatsApp.

Duniya ta yi dariya, bidiyon ya zagaya ko'ina. Amma ku cire dariyar ku duba. Magidanci ne mai shekara 34, da iyali, ya gama kai ma'aikatarsa matsayin da ba ta taɓa kaiwa ba, kuma a wannan ranar yake neman aiki a bainar jama'a. Haka abin yake ga ɗaruruwan 'yan wasa duk bazara, sai dai su ba a sa musu makirfo a baki.

Wanda ya neme shi shi ne Gareth Ainsworth na Wycombe Wanderers. Ana ganin shekara ɗaya zai yi ya huta, sai ga shi ya yi shida. Kakar 2017-18, yana da shekara 35, ya ci ƙwallo 17 a gasa, Wycombe ta hau League One, 'yan wasa 'yan uwansa suka zaɓe shi cikin gwanaye 11 na rukunin. A Fabrairun 2020 ya ci ta 54, ya zama wanda ya fi kowa ci wa Wycombe ƙwallo tun da ta shigo rukunin ƙwararru a 1993. Korona ta tsayar da kakar, aka yi lissafi da matsakaicin maki a kowane wasa, Wycombe ta tashi daga ta takwas ta koma ta uku. Ranar 13 ga Yuli, 2020, a Wembley babu ɗan kallo ko ɗaya, suka ci Oxford United 2-1. Ƙungiyar da aka kafa a 1887 ta hau Championship karo na farko. A hirar bayan wasa ya ce wannan karon ba ya neman aiki, mutum ɗaya yake so ya neme shi a WhatsApp, shi ne Jurgen Klopp, wanda ya ba Liverpool gasar Firimiya bayan shekara 30. Klopp kuwa ya aiko masa da bidiyon taya murna.

Yana da shekara 38 ya fara taka rukuni na biyu. A nan fa gaskiya ta yi halinta. Gudun wasan ya fi ƙarfinsa, yawanci daga benci yake shigowa, kuma ƙwallo ɗaya tak ya ci a gasar duk kakar, fenareti a ragar Bristol City a Afrilun 2021. Wycombe ta koma ƙasa da tazarar maki ɗaya. Na kawo wannan ne don kada mu mai da labarin tatsuniya. Kociyoyin Firimiya da suka ƙi ɗaukarsa ba zaluntarsa suka yi ba. Akwai matakin da baiwarsa ta tsaya, shi ma ya san da haka, sai ya tsaya a inda yake da amfani ya ci gajiyarsa har ƙarshe. Wasansa na ƙarshe a matsayin ƙwararre ranar 21 ga Mayu, 2022 ne, a Wembley, gaban mutum sama da 70,000. Sunderland ta ci su 2-0. Yana da shekara 40 da kwana 11.

To me ya bari?

Na farko, ya bar sunansa a tarihin ƙungiyoyi uku ta yadda ba ya goguwa: ƙwallon farko a filin Swansea, ƙwallon da ta rufe wasan da ya kai Wimbledon rukuni na uku, da kambun cin ƙwallo a Wycombe.

Na biyu, ya mai da abin gorin da ake yi masa jari. Maganar nan ta cewa ya cika girma da buga ƙwallo, ita ya ɗauka ya yi talla da ita. Ya buɗe kamfanin tufafi mai suna Beast Mode On, ya fitar da littafin tarihinsa a 2017, ya tara mabiya sama da miliyan a Instagram, yana shiga shirye-shiryen talabijin. Ya gane da wuri cewa albashin rukuni na huɗu ba zai riƙe mutum bayan ritaya ba, ya fara gina wata rumfar tun ƙafarsa tana aiki.

Na uku, kuma wanda ya fi damuna, ya nuna cewa wanda bai kai ƙololuwa ba, ba lallai ne a ce ya faɗi ba. Mun fi son labarin Jamie Vardy, wanda Leicester ta saya daga Fleetwood Town a 2012 kan fam miliyan 1, ya ɗauki Firimiya a 2016. Ko na Rickie Lambert da ya taso daga ƙasa har ya sa rigar Ingila da ta Liverpool. Labarai ne masu daɗi, amma irinsu ɗaya ne cikin dubu. Mu ma'aikatan gwamnati mun san wannan lissafin. Mutum nawa ake ɗauka aiki a shekara ɗaya, nawa ne a cikinsu suke zama babban sakatare? Sauran za su yi shekara 35 ɗinsu su tafi, kuma da su ofis yake tafiya. Wanda ya riƙe teburinsa da gaskiya har ya gama, ai ba a ce ya yi asarar rayuwa ba.

Sai dai akwai abin da bai kamata mu tsallake ba. Juriyarsa kaɗai ba za ta kai shi shekara 21 ba, da babu tsarin da ya riƙe shi. A Ingila ɗan wasan rukuni na huɗu yana da kwantiragin da doka ta san da shi. Yana da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, PFA, wadda take nan tun 1907. Ƙungiyar da ta faɗa hannun masu bin bashi ana zaftare mata maki 12. Ba aljanna ba ce, domin a Agustan 2019 aka kori Bury daga gasar gaba ɗaya saboda matsalar kuɗi, kuma shi kansa ya ga abin da ya faru a Barry Town. Amma akwai doka, akwai hukunci, sannan akwai rubutu. Duk ƙwallon da ya ci, ranarta da mintinta da ragar da ta shiga suna nan a ajiye. Shi ya sa ni da nake zaune a nan zan iya kawo muku tarihin ɗan wasan rukuni na huɗu na wata ƙasa, rana da rana.

Yanzu mu juyo gida. Iyayen mutumin nan 'yan ƙasar nan ne. Da a nan aka haife shi, da wannan jikin, aka ce masa ya cika ƙiba tun yana shekara 18, a wane rukuni zai yi shekara 21 yana ciyar da iyali? Muna da rukuni na biyu, NNL, muna da na ƙasa da shi. Kowa ya san kukan 'yan wasanmu a kan albashi da kuɗin sa hannu da ake riƙe musu. Kowane gari a Arewa yana da lamba taransa da aka yi yayi, wanda in ya karɓi ƙwallo fili yake ɗaukar ihu. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauki gasar ƙasar nan a 1978. Tarihin waɗanda suka ci mata ƙwallayen yana bakin dattawa a majalisa, kuma duk dattijon da ya rasu da nasa kason yake tafiya.

Shi ya sa yaranmu ba sa ganin komai tsakanin Firimiya da zaman banza. Ko dai ka zama Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a Kano Pillars ya wuce Turai a 2010, ko kuma a ce ka ɓata lokacinka. A wannan ramin ne 'yan damfara masu kiran kansu wakilai suke kamun kifi, a sayar da fili ko gona a ba su, su kai yaro wata ƙasa su watsar. Akinfenwa ma ta hannun wakili ya je Lituweniya, amma shi da abin ya ƙare yana da gidan komawa, gida mai ƙungiya 72 a ƙasan Firimiya, kowacce tana biyan albashi.

Roƙona biyu ne. Masu riƙe da harkar wasanni a jihohinmu su san cewa ƙaramin rukuni shi ne gonar, in ba a biya mai noma ba babu abin da za a girba. Mu kuma masu rubutu a nan Facebook, da muke iya kwana muna musu a kan Arsenal da Man U, mu ɗan rage wani lokaci mu je wurin tsofaffin 'yan wasan garuruwanmu da wayoyinmu, mu ɗauki muryarsu tun suna raye.

Wane ɗan wasan gaba ne aka yi yayi a garinku wanda bai taɓa fita waje ba? Ku rubuto sunansa da ƙungiyarsa da shekarun da ya yi wasa a ƙasan rubutun nan, ko ma fara tara wani abu daga nan.

Allah Ya sa mu gama da sana'o'inmu lafiya, Ya ba mu abin da za a tuna mu da shi na alheri.